«Rashi za a yi mata»

Assalamu alaikum Inna. Ni mace ce mai shekara 27, ina aure a garin Tahoua. Shekara biyu da rabi ke nan da aka yi mini aiki aka ciro ɗana na fari, bayan na kwana biyu ina naƙuda. Da aka shiga da ni ɗakin aiki, wani mutum da ƙyalle a baki ya ce wa wata ma'aikaciya, "rashi za a yi mata." Inna, ni na ɗauka ɗan ne ya mutu. Aka zaunar da ni, aka danne mini kai, aka soka mini allura a baya. Ƙafafuna suka mutu, na yi ta amai, ina jin ana jan cikina, su kuwa suna ta hirarsu da Faransanci. Bayan nan na yi mako guda ina ciwon kai, ko zama in ba yaro nono ba na iyawa. Har yau bayana yana ciwo. Yanzu ina da ciki wata takwas. Likita ya ce aiki za a sake yi, ya sa rana, ya ba ni takarda in je in ga mai anestezi, wato mai allurar kashe zafi da ta barci, tukuna. Uwar mijina ta ce allurar baya ce ke nakasa mata, in ce musu a sa ni barci gaba ɗaya. Maigida ya ce zuwan ɓata lokaci ne da asarar kuɗin kabu-kabu, tunda mai allurar barci ba likita ba ne. Ni kuwa ko ganin mutumin ba na son yi. In ƙi allurar? In je ko kada in je?

Wata ɗiyarki daga Tahoua

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya na hannu.

Da na kai wurin kalmar nan ta "rashi" sai da na ajiye wasiƙarki na yi shiru. Kalmar Faransanci ce doguwa, rashi-anestezi, ma'anarta kashe zafi ta hanyar allurar gadon baya, ma'aikata suka gutsure ta don sauƙin faɗi. A ɗakin aiki ana iya faɗinta sau ashirin a yini. Na yi shekaru masu yawa ina aikin sajifam, wato ungozomar asibiti, a Yamai da kuma can wajenku, na faɗe ta da bakina ban san adadi ba, a gaban mata Hausawa da ke kwance suna naƙuda, kuma ko sau ɗaya ban tsaya na ji ta da kunnen Bahaushiya ba sai yau. Wannan da ta danne miki kai ma, aikina ne a da. Ina riƙe kafaɗun mace in ce "lanƙwashe, kar ki motsa," shi ke nan iyakar bayanina. Ban san ko mata nawa suka tashi daga hannuna da irin abin da kika tashi da shi ba.

Don haka ba zan ce miki tsoronki shirme ba ne. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja baya. Amma amsata ita ce ki je. Kuma zan gaya miki dalili dalla-dalla, don abin da ya kamata a faɗa miki cikin minti biyar a daren nan, an bar ki kina ɗauke da shi shekara biyu da rabi.

Cikin ƙashin bayan mutum akwai wata laka da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, tana cikin wani kube mai ruwa garai. A jikin babba, lakar tana ƙarewa ne wajen saman kwankwaso, daga nan zuwa ƙasa sai jijiyoyi da ke lilo cikin ruwan. Can ƙasa ake sa allurar, inda lakar ba ta kai ba. Lanƙwasawar da ake sa ki yi don ƙasusuwan su buɗe ne, allurar ta sami hanya. Maganin da ake zubawa, wanda galibi bupibakayin ne, bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba. Cikin ƴan mintoci ƙafafu su yi ɗumi, su yi nauyi, su mutu tun daga ƙarƙashin nono zuwa yatsu. Bayan awa biyu zuwa huɗu su dawo da kansu, yatsu su fara motsi.

Maganin yana ɗauke zafi, amma ba ya ɗauke jin taɓi da ja da dannawa gaba ɗaya. Jan da kika ji, kusan kowace mace tana jinsa, musamman lokacin da ake danna saman ciki don fito da jariri. Aman kuma daga faɗuwar jini yake zuwa: allurar tana sa hanyoyin jini su saki, awon jini ya sauka, zuciya ta tashi. Akwai maganinsa a kusa, ana sa shi ta jijiya, ana ƙara gudun ruwa, ana ɗan karkata mace zuwa hagu don mahaifa ta daina danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Wasu matan har karkarwa suke yi kamar masu jin sanyin hunturu. Da wani ya sunkuyo wajen kunnenki ya ce, "za ki ji ana ja, ba zafi ba ne, in zuciyarki ta tashi ki gaya mini," da daren nan bai zame miki abin da ya zama ba.

Ciwon kan shi ne wanda ba zan wanke allurar daga gare shi ba. Nata ne. Ƙofar da ta huda a jikin kuben nan wani lokaci ba ta rufewa da wuri, ruwan ya riƙa ɗiga, in kin tashi zaune kai ya sara, in kin kwanta ya lafa. Alamarsa ke nan. Tun ranar da aka fara wannan allura ake fama da shi. Likitan da ya ƙirƙiro ta, August Bier, a garin Kiel na Jamus a 1898, shi da mataimakinsa suka gwada a jikin junansu. Mataimakin har guduma aka buga masa a ƙwauri bai ji ba, suka yi murna suka ci suka sha, washegari kai ya kama su duka biyun, shi Bier sai da ya yi kwana tara a kwance. Allurar wancan zamani kauri gare ta. Ta yanzu siririya ce ƙwarai, akwai ma mai baki kamar na fensir wadda ke raba zaren kuben maimakon ta yanka shi, kuma da irinta ciwon kan ba ya yawan zuwa. Ƴan mata masu ƙuruciya irinki sun fi kamuwa, wadda ta taɓa yi kuma tana iya sake yi. Kin ga ke nan wannan labari ne da mai anestezi yake bukatar ya ji kafin ranar, don ya zaɓi mafi sirantar allurar da ke hannunsa, ya kuma sa ido a kanki bayan aiki. In kin zauna gida, wa zai gaya masa?

Ciwon baya fa, a nan zan saɓa wa uwar mijinki, da ladabi. Wurin da aka soka yana iya yin tsami na ƴan kwanaki, kamar kowace allura. Amma binciken da aka yi aka kwatanta matan da aka yi wa allurar baya da waɗanda ba a yi wa ba, bai nuna ita ce ke kawo ciwon baya na shekaru ba. Ki dubi bayan naki da kyau. Ya ɗauki ciki wata tara, ya sha naƙudar kwana biyu, ya goya yaro shekara biyu, ga daka, ga wanki a sunkuye, ga bidon ɗin ruwa, yanzu ga wani cikin wata takwas. Matan da suka haihu da kansu a kan gwiwa, nawa ne cikinsu ba sa kukan baya? Su ba su da allurar da za su ɗora wa laifi, sai su ce sanyi ne. Duk da haka ki nuna wa mai anestezi daidai wurin da ke ciwo, ki gaya masa in ciwon yana sauka ƙafa ko ƙafar tana yi miki mutuwar tsaye. Zai duba.

Maganar a sa ki barci gaba ɗaya, na san abin da ke sa mata son haka: ka rufe ido, ka buɗe, an gama. Amma ga mai ciki, shi ne hanya mafi haɗari cikin biyun. In an sa mutum barci irin wannan, numfashinsa yana tsayawa, sai an zura bututu a maƙogwaro a riƙa hura masa iska. Mai ciki maƙogwaronta yakan ɗan kumbura, zura bututun ya fi wuya, iskar jikinta kuma tana ƙarewa da sauri fiye da ta sauran mutane. Ga tumbi da ciki ya tokare, abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya faɗa huhu. Wani likitan mata a New York, Mendelson, ya rubuta wannan tun 1946, har yau da sunansa ake kiran matsalar. Maganin barcin yana ƙetarawa ga jariri, ya fito a kasalance. Ke kuma ki farka cikin maye da zafin yanka lokaci guda, ba ki ji kukansa na farko ba. Shi ya sa a ko'ina cikin duniya allurar baya ce ake fara zaɓa wa mai haihuwa ta aiki. Akwai lokutan da barcin ya fi: in jini yana zuba da yawa, in jinin mace ba ya daskarewa yadda ya kamata, in akwai ƙurji ko miki a wurin da za a soka, in gaggawar ta kai ba a iya jiran minti biyar, ko in an yi allurar ba ta kama ba. Wannan hukunci na wanda ya duba ki ne ya ga takardun jininki. Kina da iko ki ce ba ki yarda ba, ba mai soka miki allura dole. Roƙona kawai ki saurare shi tukuna.

Bari in juya ga maigida, tunda na san zai karanta. Ɗana, ba kai kaɗai ke da wannan zato ba. A ƙasashe da yawa an tambayi marasa lafiya, an tarar da dama cikinsu ba su san mai anestezi mai dogon karatu ba ne, suna ɗauka yana yin allura ne ya fita ya sha iska. A ɗakin aiki akwai wani ƙyalle da ake tokarewa a kan ƙirjin mace. Likitan fiɗa yana wancan gefe, idonsa da hannunsa suna cikin ciki. A wannan gefen, wajen kai, mai anestezi yake, daga farko har ƙarshe. Shi ke auna jini bayan kowane ƴan mintoci, shi ke lissafin jinin da ya zuba da ruwan da ya shiga, shi ke cewa a kawo ledar jini a ƙara. Ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa, mai ƙara tit-tit-tit, yana auna iskar da ke cikin jini, kuma in iskar ta fara raguwa sautin yana yin ƙasa. Na sha ganin mai anestezi yana cikin magana ya katse a tsakiyar kalma don kunnensa ya ji sautin ya canza, mu sauran ba mu ji komai ba. In jariri ya fito bai yi kuka ba, sau da yawa shi muke kira. Likitan anestezi sai ya gama karatun likita cif, sannan ya ƙara shekara huɗu ko fiye a kan wannan fanni kaɗai. Irinsu ba su da yawa a ƙasarmu, akasarinsu kuma suna Yamai. A jihohi galibi ƙwararrun ma'aikatan jinya ne da suka ƙara shekaru suna koyon aikin, su ke riƙe da ɗakunan aiki dare da rana. Wanda matarka za ta gani zai iya zama wannan ko wancan. Ko wanne ne, numfashinta a hannunsa zai kasance, bayan ikon Allah. Na ga an kai wa likitan fiɗa zabi, na ga an kai rago, na ga an sa wa jariri sunansa. Ban taɓa ganin dangi sun tambayi sunan na bayan ƙyallen ba.

Ba wai ina cewa duk salihai ne ba. Akwai masu gajen haƙuri, akwai wanda ya kwana uku bai yi barcin kirki ba yana huce gajiyarsa a kan mara lafiya, akwai wanda Hausarsa ba ta wuce "zauna" da "kwanta" ba. Hirar da suka yi a kanki kina amai ba daidai ba ce, ko da kuwa maganar aikin suke yi, tunda ba ki san ko ita ce ba. Abin da na lura da shi tsawon aikina, matan da suka fita suna sa albarka ba lalle ne su ne suka fi samun sauƙin aiki ba. Su ne waɗanda aka kira da sunansu, aka gaya musu abin da zai biyo baya, aka ba su maganin zafi kafin su yi ta ihu. Wancan karon gaggawa ce ta kai ki cikin dare. Wannan karon an sa rana, an ba ki takarda, mutumin zai zauna gabanki fuska a buɗe. Dama ce da matan gaggawa ba sa samu.

In kin je, ki tafi da littafinki na awon ciki da duk takardar da ta rage daga aikin farko. In Faransanci ya fara yawa, ki ce, "Likita, don Allah da Hausa," ba rashin kunya ba ne. Ki ba shi labarin nan kamar yadda kika ba ni, har da kalmar rashi. Sannan duk abin da ya tambaya, kada ki ɓoye. In akwai hawan jini, fuka, amosanin jini, ciwon suga, farfaɗiya, ko haƙori mai girgiɗi, ki faɗa. In wani magani ya taɓa sa ki ƙaiƙayi ko kumburi, ki faɗa. In wani a danginku ya taɓa samun matsala wajen maganin barci, ki faɗa. Abin da mata suka fi ɓoyewa shi ne na gargajiya: jiƙe-jiƙe, saiwoyin sauƙin naƙuda, da ƙwayoyin da ake saye a tebur. Suna tsoron faɗa. Faɗan minti ɗaya ya fi a sa miki magani a kan wani maganin da ba a san yana jikinki ba. Ga maza masu karanta wannan shafi da za a yi wa aikin gwaiwa ko wani abu: in kana shan tramol, ka gaya wa mai anestezi ko da a kunne ne, don jikin da ya saba da shi maganin zafi ba ya kama shi kamar na kowa, kuma yanke shi farat ɗaya yana da tasa fitinar.

Ke ma ki yi taki tambayar. Ki ce masa wa zai tsaya wajen kaina, kuma in na ji zafi me zan ce. Kafin a fara yanka za a gwada ki da tsunguli ko da auduga mai sanyi. In kin ji zafi, zafi na gaske ba ja ba, ki faɗa da ƙarfi. Wannan ba wurin kunya ko dauriyar ƴar fari ba ne. Ana iya jira, ana iya ƙara magani, ana iya sauya hanya. Ki tambaye shi kuma wane maganin zafi za a ba ki in ƙafafu sun fara dawowa, ki roƙa a fara shi kafin zafin ya taso, don tare shi ya fi kore shi sauƙi.

Zai ba ki lokacin daina ci. Ƙa'idar da aka sani awa shida ce ga abinci, fiye da haka in mai maiƙo ne, ruwa zalla kuwa ana iya barinsa har awa biyu kafin aiki, amma lokacin da ya faɗa miki shi za ki bi. Abin da nake so ki riƙe, fura abinci ce. Nono abinci ne, kunu da koko ma haka. Na sha tambayar mace ko ta ci wani abu ta ce wallahi ko loma, ashe da asuba uwa ta dama mata fura ludayi uku "don ta sami ƙarfi." In za a ba ki rubutu, ki sha tun da dare, na safe a shafa miki. Jigida da laya da zobe a bar su gida.

Aikin ciro jariri kyauta ne a asibitocin gwamnati bisa dokar 2005, amma ki sa maigida ya tambaya tun yanzu ko akwai abin da za a rubuta muku ku sayo, kada ranar ta zo ana yawon farmasi. Ya kuma san rukunin jininki, ya shirya mutum biyu cikin dangi da za su iya bayarwa in an bukata.

Wani abu kuma da dangi ba su cika sani ba. Suna tsayawa bakin ɗakin aiki da carbi, da an turo gado sai hamdala, kowa ya watse neman abinci. A 2018 an wallafa wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Nijar, a kan marasa lafiya fiye da dubu goma sha ɗaya da aka yi wa aiki. Mafi yawan waɗanda suka rasu ba a kan teburin aiki suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya, inda ido ya yi ƙaranci. To ki zaɓi mai jinya mai wayo da baki, wadda ba ta jin nauyin tashin ma'aikaciya da tsakar dare. In jini yana jiƙa zane da sauri, in kina jin jiri ko numfashi yana yi miki wuya, in ƙafafu ba su fara motsi ba bayan awa huɗu, ta je ta kira. Bayan an sallame ki, in ciwon kan nan ya dawo, kwanciya da shan ruwa da parasitamol da ɗan kafe ko shayi suna rage shi, kuma ki koma ki shaida musu, kada ki yi mako kina dauriya kamar wancan karon. In kuwa ya zo da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska, ranar nan za ki koma, ko da dare ne, don hawan jini na bayan haihuwa ma da ciwon kai yake sallama.

Uwar mijinki kada ki yi musu da ita. Tsoro take ji wa ɗiyarta. In za ta yarda, ki tafi da ita wajen ganin, ta yi tambayarta da bakinta. Tsofaffi sun fi yarda da abin da suka ji da kunnensu, kuma ita ce za ta hana a dama miki furar asuba.

Sai lalle. Na san matan Adar da kwalliyar tarbar jariri. Baƙin lalle da jan farce suna iya rikita ɗan abin nan na yatsa, kuma ma'aikata suna duban farce da tafin hannu don su ga ko jini ya yi ƙasa. Ki bar hannuwanki haka nan har a sallame ki, akwai kwanaki kafin suna.